Mota na fizga, tana mutuwa in ta ɗau zafi: shin sai an sauke inji?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makaranta a Jega. Motarsa Honda Accord ce ƙirar 1999, mai fulogi huɗu, wadda ake kira Bebi-boi. Ya ce da safe in ya tada ta sai ta riƙa rawa a silo, in ya taka totur zai wuce babbar mota sai ta kama fizga kamar mai shaƙuwa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne sau uku ke nan tana mutuwa yana cikin tafiya da rana, biyu daga ciki a hanyar Birnin Kebbi wajen Kalgo, in ya jira kamar minti 20 sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi sau biyu, an canza famfon mai, an wanke nozul, ba ta canza zani ba. Yanzu makanikensa ya ce ringi ne, wato zoben ƙarfen da ke jikin fistin a cikin inji, a sauke inji. Yana tambaya ko ya yarda.

Malam, Allah ya sawwaƙe. Kada ka yarda tukuna.

Ringin da ya cinye ba ya kashe mota a tsakiyar hanya sannan ya sake ta bayan minti 20. Ciwon ringi na dindindin ne: mota ta riƙa shan baƙin mai, salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfi na raguwa a hankali wata bayan wata. Ƙarfen da ya goge ba ya komawa daidai don an huta a inuwar dogonyaro. Abin da ke suma da zafi ya farfaɗo da sanyi kusan kullum ɗayan biyu ne, ko kayan wuta ko famfon mai da abin da ke ba shi lantarki. In aka sauke maka inji a kan wannan bayanin naka, an bar jaki ana dukan taiki. Kuɗin ringi da gasket da aikin hannu za su tafi, motar kuma ta sake ajiye ka a Kalgo.

Ina kuma kyautata zaton ciwo biyu ne a jikin motar, ba ɗaya ba. Rawar safe da fizga, wato abin da mu a gareji muke kira misin, daban. Mutuwar rana daban. Yakan yiwu su haɗu a wuri guda, musamman a irin motarka da distiributa, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, ke riƙe da kusan duk harkar wuta, amma in aka ɗauke su abu ɗaya tun farko, sai a gyara guda a ce an gama. Zan fara da mutuwar hanya, domin ita ce mai iya cin rai.

Matsalar irin wannan ciwo ita ce ba ya zuwa gareji. Kafin ka kawo motar ta huce, makanike ya tada ta ta tashi lafiya, sai ya koma lalube cikin duhu: yau famfo, gobe fulogi, jibi ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Shaidar tana cikin mintocin nan 20 da kake tsaye a bakin titi kana jira, kuma kai ne kawai ke wurin. Saboda haka kai za ka zama makaniken farko, ba sai ka iya riƙe sifana ba.

Ka fara lura da yadda take mutuwa. In ta fara jan ƙafa, kana taka totur tana ƙin amsawa, ta yi tari sau biyu ko uku sannan ta sheƙa, wannan mutuwar yunwa ce, mai ne ya yanke. In kuwa ɗif ta yi lokaci guda kamar an kashe makulli, allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ƙasa tun motar na gangarawa, to wuta ce ta ɗauke. Daga nan ka dubi fitilun dashbod. A ƙa'ida in inji ya mutu makulli na kunne, fitilar batir da ta baƙin mai za su kama. In suka ƙi kamawa, dashbod ya yi duhu gaba ɗaya, ka zargi mazaunin makulli, wato suwic ɗin da ke bayan inda kake zura makulli. Wannan ba baƙon ciwo ba ne a wannan ƙira. A 2002 kamfanin Honda da kansa ya kira Accord na 1997 zuwa 1999 a Amurka don canza wannan suwic ɗin, saboda yana cinyewa ya kashe mota ana cikin tafiya. Gwajinsa a gida ba wuya: ka tada mota a silo, ka ɗan jijjiga makullin a hankali. In ta yi kamar za ta mutu ko ta mutu, ka kama ɓarawo. Ka kuma rage tarin makullan gida da na ofis da aka rataya a jikinsa, nauyinsu na ƙara cinye shi.

In fitilu sun kama daidai, ka kashe rediyo da fanka, ka mayar da makulli baya, ka sake murɗa shi mataki biyu ba tare da ka buga kik ba, ka kasa kunne. Za ka ji ƙas daga ƙarƙashin sitiyari, sannan wani siririn kuka daga wajen tanki a baya na kamar sakan 2, sai wani ƙas ɗin. Kukan nan famfo ne ke cika layin mai. In ba ka ji shi ba alhali famfon sabo ne, to ba famfon ya kamata a canza ba tun farko. Akwai wani rile, wato ɗan suwic mai aiki da lantarki, a ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, shi ke ba famfo da ƙwaƙwalwar mota wuta. A tsofaffin Honda dalmar da aka liƙe ƙafafunsa da ita takan tsage, tsagewar da ido ba ya gani sai an kawo ta kusa da haske. In cikin mota ya ɗau zafi tsagar ta buɗe, in ya huce ta haɗe. A zafin Maris da Afrilu na nan Kebbi, inda a inuwa ma ake haura digiri 40, cikin motar da aka rufe tanderu ne. Gaskiya wannan rile ya fi hana mota tashi bayan an ajiye ta a rana fiye da kashe ta a guje, amma na ga ya yi duka biyun. Mai gyaran rediyo zai sake liƙe shi da dalma cikin minti 10.

In famfo ya yi kuka, saura wuta. Ka ajiye tsohon fulogi guda a aljihun ƙofar mota tun yanzu. In ta mutu, ka zare wayar fulogi ɗaya, ka cusa tsohon a bakinta, ka kwantar da shi jikinsa na taɓa ƙarfen inji, wani ya buga kik kai kana kallo. Kada ka riƙe da hannu. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara tas-tas. In ba komai, ko ja ce mai rauni, ciwon na cikin distiributa: ko kwayil mai haɗa wutar fulogi, ko iginaita, wato ɗan ƙaramin abin da ke ba kwayil umarnin sakin wuta. Ina roƙonka kada ka bari yaran bakin hanya su zare waya su bar ta a iska suna buga kik don su ga ko akwai wuta. Wutar da ba ta sami inda za ta sauka ba, cikin kwayil take komawa ta huda shi.

Na taɓa samun irin motarka sak, ta wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Famfo uku ya saya kafin ya zo wurina, ya zube min tsofaffin biyu daga cikin leda, duka lafiyarsu lau. Na ce masa ba zan kwance komai ba, mu shiga mu tafi bayan azahar. Ba mu yi nisa da gari ba ta yi ɗif, allura ta faɗi. Famfo na kuka, wuta babu. Na fasa ledar fiya-wata biyu na jiƙa tsumma na naɗe jikin distiributa da shi. Maimakon minti 20 da ya saba jira, ba mu cika biyar ba ta tashi. Da muka koma na buɗe murfin, sai ga baƙin mai ya kwanta a ƙasansa, ga wata jar ƙura kamar garin jan bulo ta rufe rota, ɗan abin da ke juyawa a ciki yana raba wutar. Jar ƙurar nan tsatsar boris ɗin ciki ce, man kuwa sil ne ya saki. Muka sa distiributa na Beljiyam mai kyau, magana ta ƙare. Mutumin ya daɗe yana juya famfunan nan a hannu bai ce uffan ba, ni kuma na ji zafin abin a raina, domin kuɗin abincin iyalinsa ne aka sa shi ya zubar.

Wannan ba ya wanke famfo daga zargi gaba ɗaya. Jabun famfo ya cika kasuwa, kuma yakan yi kuka amma ya kasa turo mai in ya ɗau zafi. Ba a gane wannan da kunne ko da zare tiyo a ga mai na tsartuwa. Gejin auna matsin mai ake ɗaurawa, a irin injinka a ga psi 40 zuwa 50, kuma kada ya faɗi in an taka totur. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa suka koma yawo da tanki a ƙasa, ana zuba lita 5 lita 5. Ban ga laifin kowa ba, halin da ake ciki ne. Sai dai famfon a cikin tanki yake zaune, man da ya lulluɓe shi ne ke sanyaya shi, kuma dattin shekara da shekaru a gindin tankin yake kwance. In da hali kada allurar mai ta sauka ƙasa da kwata. In ka sha man 'yan bumburutu motar ta canza hali, a ɗebo kaɗan a kwalba mai haske a ajiye minti 10. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da layinsa.

Yanzu misin. Kowace silinda tana bukatar mai da iska daidai gwargwado, da matsi, da wuta a kan lokaci. In ɗaya ta rasa guda daga ciki, uku ne ke jan motar, ita kuma ta zama kaya. Aikin farko shi ne a san wace ce, ko kuwa duka ne ke yi bi da bi. Motarka in 'yar Amurka ce, tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod, domin tun 1996 doka ta wajabta shi a can. A sa mata kwamfutar gwaji a karanta lambobin da ta nuna. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304. P0300 kuwa misin ne mai yawo, ba shi da mazauni. In aka ga P0171, iska ta fi mai yawa. Kada a cire kan batir kafin a karanta, yin haka na goge abin da ƙwaƙwalwar ta adana. Ka kuma tabbata fitilar cek-inji na kamawa in ka murɗa makulli, domin wasu dillalai na cire ƙwanta kafin su sayar. Lambar da kwamfuta ta bayar unguwa take nunawa, ba gida ba. Wanda ya karanta P0302 ya ce a sayo nozul nan take, bai gama aikinsa ba.

Ko babu kwamfuta ana ganewa. Mota na silo, a zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya ana mayarwa. Wadda aka zare inji ya ƙara durƙushewa, tana aiki. Wadda aka zare bai ko ji a jikinsa ba, ita ce matacciya.

Daga nan a kwance fulogi huɗun, a jera su a kan kwali, a rubuta 1, 2, 3, 4. Sau biyu aka canza maka fulogi, na tabbata ba wanda ya nuna maka tsofaffin a jere, alhali su ne suka kwana a cikin wutar suka ga komai. Lafiyayye bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, kalar bayan biredi. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo a can bakin, baƙin mai na shiga ɗakin wuta, a nan ne za a fara maganar ringi ko sil ɗin bawul. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan. Guda ɗaya tsaf kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa da datti, ruwan lagireto na shiga wannan silinda, a binciki gasket. In kuma jikin farin tangaran ɗin na sama ne ya jiƙe da mai, har kan wayar ya kumbura, to robar murfin bawul ce ta saki mai cikin ramin fulogi. Wannan ya zama ruwan dare a injinka, kuma nan ne ake yawan cutar mutane: a nuna maka fulogi jiƙe da mai a ce ringi, alhali man daga sama ya zubo, ba daga ƙasa ya hau ba. Gyaransa roba ce mai araha. Tazarar bakin fulogin injinka milimita 1.1 ce, shi ya sa lambar NGK ɗin da ya dace da shi, ZFR5F-11, ta ƙare da 11. A auna, kada a ƙiyasta da ido.

Fizgar da take yi maka in za ka wuce tirelar albasa ta fi kama da wuta mai zurarewa. Idan ka taka totur matsi na ƙaruwa a silinda, wuta na shan wuya kafin ta tsallaka bakin fulogi, sai ta nemi hanya mafi sauƙi ta tsagaggiyar waya ko fasasshen murfin distiributa. An canza fulogi, amma ba ka ce an taɓa wayoyi da murfi da rota ba, kuma ba mamaki tun na Kwatano ne. Da daddare ka kai motar inda ba haske, ka buɗe bonet tana silo, ka fesa ruwa kaɗan a kan wayoyin da kwalbar feshi. In suna zuba za ka ga tartsatsi shuɗi na tsalle, inji ya canza murya. Irin wannan mota da damina ta fi wahalar da mai ita, haka ma bayan an kai ta wanki an sa wa injin ruwa mai ƙarfi.

Rawar safe kuwa, in tana raguwa bayan inji ya ɗumama, abu biyu nake fara dubawa. Na farko iskar sata. Inji na son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, kuma a silo iskar da yake ja kaɗan ce, don haka ƙaramar tsaga a tiyo ko a gasket ɗin manifol ta isa ta ɓata lissafi. Robobin motar da ta haura shekara 20 a ranar ƙasar nan sun bushe kamar ƙirgi. A bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, a lanƙwasa babban tiyon iska a duba cikin ninkinsa, a saurari tsaki. A wanke bakin totur da bawul ɗin silo, waɗanda ƙurar hunturu da tururin mai ke haɗuwa su toshe. Injinka in ya ɗumama, silonsa tsakanin 700 da 800 ya kamata ya zauna, kuma kada ya durƙushe in an kunna esi. Na biyu setin bawul, wanda kusan an manta da shi a garejinmu. Wannan inji ba ya daidaita bawul da kansa, da hannu ake yi, inji na sanyi: milimita 0.26 na shigar iska, 0.30 na fitar hayaƙi. In na hayaƙi suka matse ba sa rufewa ruf, matsi na zurarewa, mota ta yi rawa da safe, in an bar su kuma su ƙone. Aikin awa ɗaya ne da fila-geji, wato ma'aunin tazara.

Akwai kuma hanyar EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji. A injinka ta rabu ƙananan ramuka huɗu. In baƙin hayaƙi ya toshe wasu, sai duk hayaƙin ya tattaru a ragowar, mota ta riƙa tuntuɓe a tafiyar sannu. Wankewa ake yi. Ka tambaya kuma ko an cire tamostat, mai daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye. Na san da yawa daga abokan sana'ata na yin haka da sunan ƙasarmu da zafi, ni ban yarda da shi ba. Injin da ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai, fulogi su yi baƙi, kai kuma ka yi ta biya a gidan mai.

Ringi yana da nasa gwajin, kuma ba a buɗe inji kafin a yi shi. A ɗumama mota, a kwance fulogi duka, a cire soket ɗin distiributa da fis ɗin famfo, a danne totur har ƙasa, a ɗaura gejin matsi a kowane rami a buga kik. Lafiyayyen injin irin naka yakan ba da wajen psi 170 zuwa 190. Ƙasa da 135 ya gaza, kuma bai kamata tazarar babba da ƙarami ta kai 30 ba. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi na baƙin mai a sake bugawa. In lamba ta yi tsalle sama, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne, kan inji kawai za a taɓa, watakila ma seti ya wadatar. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. In duka huɗun suka yi ƙasa daidai wa daida, a duba ko bel ɗin taimin ya tsallake haƙori kafin a zargi komai. Ka tsaya a wurin, ka rubuta lambobin da hannunka. Makaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba. In ba shi da geji, ya aro ko ka je inda ake da shi.

Kafin a gano ciwon, ina ba ka shawara ka daina doguwar tafiya da iyali a cikinta. In ta mutu a guje sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne masu laushi suka rage maka, daga nan sai ya sandare. Kada ka yi ta famfa shi, kada kuma ka zare makulli, sitiyari zai kulle. Ka kunna fitilun haɗari, ka mayar da giya N, ka gangara gefe ka taka sau ɗaya da ƙarfi. In kuma ka ga fitilar cek-inji na ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ka sassauta ƙafa nan take, domin ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana ƙona indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, in ya narke ya toshe kuwa wani sabon kashe kuɗi ne.

Da ni ne a gaban motarka gobe da safe, da jijjiga makulli zan fara, in buɗe murfin distiributa in leƙa, in jera fulogi a kwali, in ɗaura gejin matsi. Duka ba za su ci awa biyu ba, ba kuma za a sayi ko ƙusa ɗaya ba. In ka samu lambobin matsin huɗu, da abin da ka ji da wanda ka gani ranar da ta sake mutuwa, ka aiko min mu duba tare.